Mijina Ya Shuka Mini Wiwi a Ɗakin Wanki, Ni Kuwa Na Yi Masa Ƙarya

Anti Kelina,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da yadda maganata za ta yi ta zagaye. Da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, shi ma ba kullum yake yarda ba. Sunayen da za ki gani duk na sauya su, ko da yake a garinmu Bormla wannan ba ya hana komai. Kin san mu, in kika yi atishawa a bakin ruwa, kafin ki hau matakalar unguwa an riga an ce miki sannu daga sama.

Shekaruna sittin da 'yan kai. Tela ce ni, ko in ce a da. Rabin amaren unguwarmu da rigar da na ɗinka suka shiga coci, 'ya'yansu ma ni na ɗinka musu fararen rigunan ranar da suka fara karɓar jibin Ubangiji. Sai amosanin gaɓɓai ya kama ni, irin mai cin jiki a hankali. Ya fara da wuyan hannu, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya har suka karkace, yanzu ya sauka gwiwa. Maɓallin riga ya gagare ni, murfin kwalba ya gagare ni. Da safe sai na daɗe zaune a bakin gado ina lallashin jikina kafin ya yarda ya miƙe. Likitata tana ba ni ƙwaya da allura. Suna rage abin, ban musa ba, amma suna dama mini ciki, washegarin allura ko shayi ba na son gani.

Amma ba ciwon ne ya sa na rubuto miki ba. Mijina ne, zan kira shi Wistin. Duk rayuwarsa a tashar gyaran jiragen ruwa ya yi ta, yana haɗa bututu. Mutum ne da ba ya iya zama, ko ranar hutu sai ya nemo famfon maƙwabci ya kwance ya sake ɗaurawa. Ranar da ya ajiye aiki aka yi masa liyafa, ya dawo gida ya zauna a kujerar da ke gaban talabijin, kuma, Anti Kelina, kamar bai sake tashi ba. Shekaru aka yi haka. Ba ya faɗa, ba ya sha, ba ya zagin kowa. Shiru kawai. In na ce me za a dafa, ya ce duk abin da na ga dama. In na ce mu sauka bakin ruwa mu sha iska, ya ce gobe. Har bikin waliyyin garinmu, shi da yake cikin masu ɗaukar gunkin a kafaɗa tun yana saurayi, daga taga ya riƙa leƙensa. Mahaifinsa ma haka ya yi bayan ya bar aiki, kuma bai daɗe ba ya rasu. Ina kallon Wistin ina ganin tsohon nan, ina kasa barci.

To da aka sauya doka, aka ce mutum yana iya shuka 'yan itatuwan wiwi kaɗan a cikin gidansa inda idon jama'a ba ya kaiwa, mu dariya muka yi. Wistin ko sigari ya bari tun kafin a haifi 'yarmu. Sai wata rana na matsa masa ya je kulob ɗin 'yan badujala ya gai da abokansa. Ya dawo da pastizzi, gashin fulawar nan namu mai cuku a ciki, masu zafi a takarda, ya ajiye a tebur, bai koma kujerarsa ba. Ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, “Ke, kin san wani ya ce man abin nan ya taimaki uwarsa da ciwon gwiwa?” Na ce, “Wane abu?” Ya ce, “Abin da 'yan iska ke sha.” Na ce, “To yanzu a tsufanka za ka zama ɗan iska?” Ya ce, “In zai buɗe miki yatsu, har kunne zan huda.” Rabon da ya mayar mini da wasa na manta.

Gidanmu irin na unguwar ne, siriri mai hawa-hawa, ba mu da ko tafin ƙasa da za a shuka albasa. Ɗakin wanki kawai ke saman rufin. Wistin ya ce ba ya buƙatar ƙasa, wai a ruwa zai yi nomansa. Na ɗauka zancen banza ne. Ya kwashe tarkacen ɗakin, ya samo wani faffaɗan bututun magudana, ya yi masa ramuka a jere, ya ɗora shi a kan ƙafafun tsohon teburin gugata. Ya tono ɗan injin tankin kifin 'yarmu, wanda ke cikin kwali tun tana firamare, ya sa shi yana zagaya ruwa. Ya rataya fitila a sama. Ya ce ba zai ɓata iri mai tsada ba sai hannunsa ya faɗa, don haka da latas ya fara. Mun ci latas, Anti Kelina. Mun ci da safe, mun ci da rana, mun aika wa maƙwabta har suka fara rufe ƙofa in sun hango shi da leda.

Abin bai tafi daidai ba da farko. Wata ranar Talata ina kwance da rana sai na ji ɗigo a goshina. Wani haɗi ya saki, ruwan ya bi ta silin ya sauko ɗakin kwananmu, ya jiƙa katifa da hoton aurenmu. Na yi ta masifa, shi kuwa yana tsaye da bokiti yana dariya, yana cewa, “Jiragen yaƙi na gyara ba su yi yoyo ba, sai ga kwamin latas ya kunyata ni.” Da zafin Agusta ya zo, ɗakin ya zama tanda, saiwoyin wiwin da ya fara shukawa suka ruɓe, ya sauko da su a hannu kamar wanda ya ɗauko gawar kyanwa. Na ce a raina shi ke nan, zai koma kujera. Bai koma ba. Ya hau bas ya tafi wajen masu sayar da kayan lambu ya yi ta yi musu tambayoyi, ya dawo ya huda bango ya sa fanka.

Ina so ki gane abin da na gani a watannin nan. Mutumin ya dawo. Yana tashi kafin ni, yana aske gemu, ina jin takunsa a sama yana fito. A tebur ba ya barina in ci abinci da surutu, yau ganye ya yi kaza, gobe ruwa ya yi kaza. Rabin abin da yake faɗa ban gane ba, amma ina gyaɗa kai ina ƙara masa miya. Ya kafa mini ƙarfen riƙewa a jikin matakala tun daga ƙasa har sama don in hau in gani. Na hau, a hankali, yana bayana ya tokare ni da kafaɗa. Na ga itatuwan a jere, kore shar, fararen saiwoyi suna lilo a cikin ruwa. Ya ce, “Ga su nan, Sarauniya. Naki ne duka.” Na ce suna wari.

Da suka nuna ya yanke, ya shanya, ya haɗa man da kansa a kicin, ya hana ni shiga. Ya zuba a 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa. Wata Lahadi bayan mun dawo daga coci ya ɗiga mini a baki, ya jawo kujera ya zauna a gabana, ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallona kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Anti Kelina, abin bai yi mini ba. Da farko ban ji komai ba, can sai ɗakin ya fara juyawa. Bakina ya bushe, zuciyata ta riƙa bugawa har a kunne, wani tsoro marar dalili ya rufe ni, na ji kamar wani mugun labari na tafe. Ciwon kuwa yana nan daram inda na bar shi. Na riƙe hannun kujera ina addu'a a zuci. Ya ce, “Yaya? Faɗa mini gaskiya.” Na ɗaga ido na ga fuskarsa. Fiye da shekara yana hawa matakalar nan saboda wannan tambayar. Sai na ji bakina ya ce, “Kamar ya yi sauƙi.” Ya tashi ya shiga banɗaki ya kunna famfo. Ya ɗauka ƙarar ruwan za ta rufe, amma na ji kukansa. Tun rasuwar mahaifiyarsa ban ji shi ba.

Na ce wa kaina wataƙila jikina ne bai saba ba. Na sake gwadawa, na kuma sakewa, duk ɗaya. Na ƙarshen har na kusa faɗowa daga matakala, ƙarfen da ya kafa ne ya cece ni, shi kuwa yana sama bai sani ba. Daga ranar na daina. Na ce masa na fi son in riƙa ɗigawa da kaina, in ya hau sama sai in zubar a wurin wanke-wanke in saki ruwa a kai.

Ashe ƙarya ma aiki ce. Tunda na ce na sami sauƙi, dole in nuna. Na daina nishi da safe. Ina shiga banɗaki in cije tawul in ɓalla maɓallina da kaina. Wata rana har na buɗe keken ɗinki na kama masa ƙafar wando yana kallo, ya ɗauke ni hoto a waya yana ta nuna wa mutane. Kwanakin da suka biyo baya ko cokali ban iya riƙewa da kyau ba, na ce masa azumi nake.

Yanzu ga inda abin ya kai ni. Muna da 'ya ɗaya, Marthese, malamar ƙananan yara ce, tana da 'yarta Ilenia wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Kowace Lahadi a gidanmu suke cin abincin rana. Marthese ta yi shiru lokacin latas, amma da warin ainihin abin ya fara saukowa sai ta kasa. Muna cikin cin naman zomo ta ajiye cokali ta ce, “Baba, iyayen yaran da nake koyarwa suna unguwar nan. So kake a ce kakan Ilenia manomin wiwi ne? Ga ruwa, ga waya, ga fitila a ɗaki ɗaya, ƙofar ko sakata babu. In yarinyar nan ta hau fa?” Ya ce doka ta ba shi dama. Ta ce doka ba ita ke rainon 'yarta ba. Murya ta hau. Sai ya nuna ni da burodi ya ce, “Bar maganar doka. Ga uwarki nan, tambaye ta. Tambaye ta ko ba ta sami sauƙi ba.” Marthese ta juyo ta ce, “Mama, da gaske?” Na ce da gaske. Sai ta goge wa yarinyar baki ta ce to ba za ta raba ni da maganina ba, amma ba za ta ƙara kawo Ilenia ba sai an fitar da abin daga gidan. Tun daga nan sai dai mu gaisa a waya. Yarinyar takan ce, “Kaka, yaushe zan zo?” in ce ba da daɗewa ba. Wistin yana cewa ta yi fushinta ta gama, shi lafiyata ce gaba da komai. Kin ga, a kan maganata yake tsaye, maganar kuwa ba ta da ƙasa.

Sannan ga Salvina, maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa, wadda tare muka yi goyon 'ya'yanmu. Mijinta Lonzu yana fama da ciwon daji, maganin asibiti ya hana shi cin abinci, ya zama ƙashi da fata. Ta ji labarina, don Wistin bai bar kowa ba. Ta same ni ina zaune a dokin ƙofa da hantsi, ta tsuguna ta kama hannuna, ta ce, “'Yar uwa, ba don kaina ba. Ko ɗan kaɗan ne daga man nan, ya samu ya haɗiyi miya.” Na ce zan yi wa Wistin magana, ina fatan zai ce a'a. Ina! Nan take ya cika wata kwalbar ya ɗora a kan firiji. Na ce ya dakata, wai sai na tambaya ko ya dace da masu irin ciwon. Kwalbar tana nan, kullum in na shiga kicin ita nake fara gani. Ni da nake da sauran ƙarfi na ji kamar zan mutu, ina ga Lonzu? Salvina kuma ta fara gaishe ni sama-sama, ta ɗauka rowa nake.

Na ƙarshe shi ne ya sa na kasa haƙuri. Wata mai zuwa zan ga likitata, Wistin ya ce tare za mu. Ya ce tunda mansa yana aiki, zai roƙe ta ta rage mini allurar nan mai dama mini ciki, har ya fara cewa me zai hana in tsallake ta wannan makon mu gani. Ban tsallake ba, a ɓoye na yi. Wato yanzu maganin gaske nake sha a ɓoye, na ƙarya a fili.

Na san za ki ce in faɗa masa. Ni ma nakan ce wa kaina haka, har in shirya kalmomin. Sai in ji yana saukowa yana fito, hannunsa na warin ganye, sai maganar ta maƙale. Ba fushinsa nake tsoro ba, da zai yi fushi ma da na ji daɗi. Kujerar nan nake tsoro. In na ce masa duk wahalarsa ta tafi a banza, kuma na mayar da shi abin dariya a gaban 'yarsa da abokansa, ina ganin zai zauna, kuma wannan karon ba zai tashi ba. Na fi iya ɗaukar ciwon hannu a kan in sake zama da gawa mai numfashi. Akwai hanyar da zan hana Salvina kwalbar, in dawo da jikata, in tsare allurata, ba tare da na karya mutumin nan ba? Ko zan ce wa likita ta ce ita ta hana? Ko limaminmu ban iya faɗa wa ba, don shi ma Wistin ya nuna masa hoton.

Taki,
Telar da ta ajiye allura, Bormla

*

Ya ke Tela,

Sannu da ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki, na yi dariya a wurin latas, daga nan ban sake yi ba. Bari in fara da abin da ba ya jira, sannan mu zo kan zuciya.

Kwalbar da ke kan firiji kada ta tsallaka titi. Ki sauke ta yau. Lonzu yana kan magunguna masu ƙarfi, jikinsa ya raunana, daga ke har Wistin babu wanda ya san yadda man da aka haɗa a kicin zai yi da su. Ban da haka, dokar da ta ba mijinki damar shukawa don gidansa ba ta ba shi damar rabawa ba, ko da kyauta ne, ko da don tausayi ne. Ki je ki sami Salvina da kanki, ki ce mata abin bai karɓe ki ba, ya sa ki jiri da faɗuwar gaba, shi ya sa kika riƙe. Ki ce ta kai maganar rashin cin abincin ga likitocin da ke duba Lonzu, ta kuma tambaye su kai tsaye game da wiwi. In sun ga ya dace da shi, akwai wanda ake rubutawa a asibiti, an san ƙarfinsa, an san awonsa. Allurarki kuma kada ki tsallake ko ɗaya. Irin ciwonki in ya ci gaɓa ba ya mayarwa. Likitarki ta ji komai, har da man da kika sha da abin da ya yi miki. Amma kada ki roƙe ta ta yi ƙarya a madadinki. Ba za ta yarda ba, in ma ta yarda kin ƙara mutum ɗaya ne a cikin abin da ya riga ya yi miki yawa.

Kin ga kenan amsar tambayarki ita ce babu. Da zarar kin faɗa wa Salvina, Wistin zai ji, kuma bai kamata ya ji a bakin titi ba. Shi za ki fara faɗa wa, cikin makon nan, kafin ranar asibiti. Abin da zai fi karya shi shi ne ya tsaya gaban likita yana alfahari, gaskiya ta fito a can.

Ban ga laifinki a ranar farko ba. Mutum ya zauna gabanki da irin wannan fuska, mata da yawa abin da kika faɗa za su faɗa, ni ma ban rantse ba. Amma alherin da kika yi masa ranar ya daɗe da juyewa. Yau saboda shi ne jikarku ba ta zuwa, aminiyarki na ganin kin hana ta, mijinki kuma yana shirin janye ki daga maganin da ke tsare miki sauran yatsunki, yana ganin taimakonki yake. Da ya san haka, kina ganin zai gode miki?

Kina cewa wiwi ne ya tashe shi daga kujera. Ni ban ga haka a wasiƙarki ba. Ya tashi ne tun kafin ya ga ganye ɗaya, ranar da ya ji akwai abin da zai iya yi miki. Ruwa ya zubo bai zauna ba, shukarsa ta ruɓe bai zauna ba. Mutumin da kike kwatanta mini ya iya jin cewa abu bai yi ba, sai ya nemi inda matsalar take. Abin da ya kasa ɗauka shi ne a ce ba a buƙatarsa. Yanzu kuwa, da kike cije tawul kina ɓalla maɓalli ke kaɗai, aikin da yake nema ne kike ɓoye masa.

Ba zan ce miki zai karɓa da murmushi ba. Zai ji kunya, musamman saboda mutanen da ya nuna wa hoto, kuma yana da haƙƙin ya ji haushinki. Wataƙila ya yi kwanaki ba ya magana. Ki bar shi, kada ki bi shi da ban haƙuri har ki janye maganar. Ki zaɓi lokacin da ku biyu ne, an ci an ƙoshi. Ki faɗa a taƙaice: man bai rage ciwon ba, ya sa ki jiri har kin kusa faɗuwa, kin ɓoye ne don kin ga ya dawo kuma kina tsoron ya sake tafiya. Wannan na ƙarshen kada ki bar shi, don ina zargin bai taɓa sanin yadda shekarun shirunsa suka yi miki ba. Kuma in kika ga ya koma kujerar, makonni suna wucewa, to ki sani wannan ba hali ba ne, ba kuma gadon mahaifinsa ba ne da ba a iya kaucewa. Ciwon damuwa ne, yana kama maza da yawa bayan sun bar aiki, kuma ana maganinsa. Ki kai shi asibiti kamar yadda yake kai ki.

Abin da za a yi da ɗakin wanki ki bar masa ya yanke, aikin hannunsa ne. Sai dai Marthese tana da gaskiya a rabin maganarta. Ruwa da lantarki a ɗaki ɗaya, wanda ya taɓa yoyo, yana buƙatar mai aikin wuta ya duba shi, mijinki gwanin bututu ne ba na waya ba. Kuma duk abin da zai zauna a ɗakin, ƙofar ta sami kwaɗo, kwalabe su yi nesa da hannun yarinya. Inda ban bi ta ba shi ne mayar da Ilenia sandar dukan kakanta. Amma ki tuna ta yanke hukuncinta ne a kan abin da kika faɗa mata. Ki kira ta bayan kin gama da mahaifinta, ki gaya mata gaskiya, ki kuma roƙe ta abu ɗaya: kada ta ce masa “ai na faɗa”. Tsoho na iya jure kuskurensa, amma da wuya ya jure a yi masa guɗa a kai.

Abu na ƙarshe. Kin rubuto mini doguwar wasiƙa a kan mijinki, da 'yarki, da maƙwabciyarki, da mijin maƙwabciyarki. Ke da ba kya iya riƙe cokali, ko sau ɗaya ba ki tambaye ni yadda za ki yi da kanki ba. To ni zan tambaya. Ki gaya wa likita yadda allurar ke dama miki ciki, sau da yawa akwai abin da za a sauya. Ki tambaye ta masu koyar da motsa hannu, da 'yan kayan da ke sauƙaƙa aikin gida. Kuma gobe da safe, in kin zauna a bakin gado jikin ya ƙi miƙewa, ki buɗe baki ki ce yana ciwo, da ƙarfi, yadda na kusa da ke zai ji. Kin yi shekaru kina yi wa mutane kwalliya a ranakun farin cikinsu. Ba a ce sai kin yi wa ciwonki ita ba.

Allah ya ba ki sauƙi, ya ba Lonzu lafiya, ya sanyaya zuciyar Wistin a ranar da za ki yi masa magana. Ina tare da ke.

Anti Kelina